Madubin Soja da Tankin Alhaji

Shekarar da ta biyo bayan ba mu jiha, samun ɗakin haya a Jalingo ya fi samun aikin gwamnati wuya. An kwaso ma'aikata daga Yola an zube su a garin da bai shirya wa baƙi ba. Wasu a kan bencin ofis suke kwana, wasu sun bar iyali a ƙauye sai ƙarshen wata su leƙa. Mijina yana cikin waɗanda aka kwaso, akawu ne a sakatariya. Ni kuma tela ce, na biyo shi da keken ɗinkina da cikin fari. Mun daɗe a raɓe a gidan wani ɗan cocinmu, muna jira kowa ya gama hira mu shimfiɗa katifa a falo, kafin Allah ya haɗa mu da wani Alhaji mai fataucin shanu a unguwar Barade.

Alhaji gidansa ya raba biyu da katanga. Babban ɓangaren na iyalinsa ne, da mahaifiyarsa da matarsa da 'ya'yansa mata. Ƙaramin ya yi masa ciki da falo, ya fasa ƙofa ta lungu, ya ba mu haya. Tsakar gidanmu ba ta wuce wurin shanya ba. Mangwaron Alhaji ya rufe rabin samanta, bakin kwano ya rufe mafi yawan sauran. A kusurwa, jikin katangar, akwai tankin ruwa a kan dogayen ƙafafun ƙarfe da tsani a gefe. Alhaji ya kafa shi ne don a ce gidan na ma'aikata ne, amma tunda muka shiga ruwan famfo bai taɓa hawa cikinsa ba. Ƙadangaru ne ke morarsa.

Ni duk wannan bai dame ni ba. Na samu ƙofar da zan rufe, na samu inda zan haihu, kuma na yi wa Allah godiya da gaske.

Ana haka sai yayan mijina, soja, ya dawo daga Laberiya ya biyo ta wurinmu. Wasu in sun dawo daga irin wannan tafiya rediyo suke kawo wa dangi, ko turmin atamfa. Shi madubin hangen nesa ya ajiye mana, baƙi mai ido biyu, da nauyi kamar dutsen guga, a cikin wata jakar fata da ta ji jiki. Yana fita na ce a kai kasuwa, ko mafarauta za su so. Mijina ya rungume jakar. Wai tun yana makarantar mishan wani malami ya gaya musu akwai duwatsu da ramuka a jikin wata, kuma tun ranar yake so ya gani da idonsa. Mutum ne da ba ya shan burkutu, ba ya zaman dara, ko ƙwallo ba ya saurare. Na ce to, in wata ne kishin da zan yi, da sauƙi.

Ya gwada daga tsakar gida, ganyen mangwaro kawai ya gani. Sai ya hau tanki.

Lokacin damina ta ja baya, sama ta wanku tas, wutar lantarki kuwa ba ta cika zama ba, don haka gari duhu, taurari kamar ka kai hannu. Da mun ci tuwo bayan magariba sai ya rataya madubin a wuya ya kama tsani. Akwai katako a gefen tankin, nan yake zama ya jingina. Ni ina ƙasa da fitilar ƙwai ina kalmasa bakin zani.

"Madam, zo ki ga abin mamaki!"

"Da wannan cikin zan hau? Ka gaishe su."

Akwai abin da ba mu sani ba, daga ni har shi. Mu duka 'yan ƙauyen kan dutse ne. A wurinmu gida ba shi da doguwar katanga, wanda ya ga dama ya hau rumbu ko tsamiya, ba wanda zai ɗaga kai. A tsohuwar unguwa irin Barade kuwa, namiji ba ya hawa abin da ya fi katanga tsawo sai ya sanar. Ko mai gyaran kwano ne, ko mai tsinkar mangwaro, sai ya tsaya ya ɗaga murya: "Salamu alaikum, za a hau sama, a kimtsa!" Sai ya ɗan jira, mata su yafa mayafi ko su shige ɗaki, wadda ke makewayi ta fito. Makewayin irin waɗannan gidaje ba shi da rufi. Na sha jin wannan kira daga nesa ina kan keke, ban taɓa tsayawa na tambayi ko na mene ne ba.

Wata Lahadi da muka dawo daga coci sai ga sallamar Alhaji a ƙofar lungu. Bai yarda ya shigo ba. Mijina ya fita, ni kuma na tsaya bayan ƙyaure ina ji.

"Malam, ni na ɗauke ka mutumin kirki."

"Lafiya dai, Alhaji?"

"Ina lafiya? Iyalina ya fito daga makewayi, ya ɗaga kai, ya ga mutum a sama da gilashi a ido. Ba sau ɗaya ba. Yanzu a gidana sai an yi duhu sosai ake wanka."

"Alhaji, Allah ya sani taurari nake kallo."

"Taurari? Su ma sai an hau tanki? Kowa yana ganinsu daga ƙasa, kyauta. Ƙarshen wata ka ba ni makullina."

Nan raina ya ɓaci, na banko ƙyauren. Na ce, "Alhaji, wannan mutumin ko ni da ya aura bai cika kallo ba, balle matan mutane. A kan wannan za ka zubar da mu a titi da tsohon ciki?"

Alhaji bai dube ni ba, ƙasa yake kallo. Ya ce, "Madam, ki yi haƙuri. Maganar ma ba a hannuna yake ba. Dada ne ya ce."

Dada ita ce mahaifiyarsa, haka kowa ke kiranta. Su Fulani ne, Hausarsu ba ta raba mace da namiji. Ban taɓa ganinta ba, muryarta kawai nake ji ta katanga tana ba da umarni da Fillanci.

Abin da na gaya wa mijina a daren nan ba zan maimaita ba. Washegari ya fara neman ɗaki. Da an tashi ofis sai ya bi unguwa-unguwa a ƙafa, har Abbare ya je, ya dawo takalmi fari fat, amsa ɗaya: babu. Ya tura wani dattijon cocinmu ya ba Alhaji haƙuri. Alhaji ya karɓe shi da mutunci, ya ba shi goro, ya ce shi ba ya tsallake maganar uwarsa. Namiji kuwa ba shi da hanyar zuwa gaban Dada. Ni ina kwance ina lissafin falon mutane, da yadda zan yi naƙuda a bayan kujera. Tsoro na ji sosai, ba na ɓoyewa.

Da na ga ƙarshen wata yana matsowa sai na ce ni zan shiga, kuma da madubin zan shiga, su gani da idonsu abin da yake kallo.

Ya ce, "To ai ke ba ki iya ba."

Na ce, "Wanda ya iya me ya jawo mana?"

Haka na fara koyon kallon taurari, ba don sha'awa ba, don kada a kore ni daga gida.

Akwai ɗan fili tsakanin reshen mangwaro da bakin kwano, ta yamma, inda jinjirin wata ke ratsawa bayan magariba. Nan ya zaunar da ni a kujera 'yar tsugune. Ya fara rataya mini igiyar a wuya, ya ce ko me zai faru kada na cire, kuma ko da wasa kada na taɓa juya shi wajen rana, ido ake rasawa. Na ɗora a ido na ga da'ira biyu baƙaƙe. Ya ce na lanƙwasa shi a hankali, na matso da idanun biyu har da'irar ta zama ɗaya. Sannan na rufe idon dama na murza ɗan gargaren da ke tsakiya har abu ya fito sarai, na rufe na hagu na murza bakin na dama shi kaɗai, don wai idanun mutum ba ƙarfinsu ɗaya ba. Wannan bai ba ni wuya ba. Wadda ta saba daidaita zare a keke ta san murzawa kaɗan-kaɗan.

Neman watan ne ya ba ni haushi. Ga shi ina ganinsa da idona, da na ɗora madubi sai ya ɓace, na yi ta yawo a cikin baƙin sama. Na yi tsaki na ce abin ya lalace.

"Madam, ba ki nema da madubi. Kafa masa ido tukuna. Kada ki motsa kai. Yanzu kawo madubin wurin idon."

Na yi haka, sai ga shi. Amma rawa yake yi, ya yi nan ya yi can, don hannuna na karkarwa. Ya je ya kifa turmi a gabana, ya ce na kafa gwiwar hannu a kai, na ja numfashi na riƙe. Ya hure fitila. Watan ya tsaya cak.

Ban san me na zata zan gani ba. Abin da na gani dai, gefen da haske ya ƙare ba santsi gare shi ba, duk gurbi-gurbi ne da tudu, kamar ƙanzon tuwo a gindin tukunya. Ga ramuka zagayayyu, kowane da inuwarsa a ciki. Ragowar watan da ba haske ma ana ganinsa dishi-dishi. Na daɗe ban sauke ba. Da na sauke na ga mijina yana murmushi, sai na ce masa wannan ba zai biya mana haya ba, don kada ya ji daɗi da yawa.

Na ƙara kwana biyu ina gwadawa har hannuna ya faɗa. Na gane in an hure fitila aka ɗan jira, ido yana buɗewa, taurarin da ba su nan ɗazu su fito. Sannan ranar da na shirya, bayan la'asar, na sa madubin a jakarsa na rufe da mayafi, na zaga ta babbar ƙofa na yi sallama.

Na shiga ne da faɗa a bakina, na tsara shi tun a hanya. Na tarar da Dada a kan tabarma a gindin mangwaro, tsohuwa siririya, fara, da zanen Fulani a gefen baki, ga sanda a kusa da ita. Matar Alhaji tana tankaɗe, ta amsa gaisuwata a taƙaice ta kau da kai. Na durƙusa da ƙyar na gaida Dada.

"Kai ne matan mai leƙe?"

"Ni ce matarsa, Dada. Amma ba leƙe yake yi ba."

"Zauna. Cikinka ya tsufa. Ina abin?"

Na fito da shi. Ta juya shi a hannu, ta ce na nuna mata yadda ake yi. Na rataya mata, na daidaita mata, ina murna a raina. Ba ta tambayi sama ba. Ta juya shi kai tsaye wajen tankinmu, ta daɗe tana kallo, sannan ta sauke.

"Daga nan na ga ƙadangare a kan tanki yana lumshe ido. Ni da idona ya rage. To wanda ke kan tanki, me zai gani a nan?"

Na ɗaga kai na dubi tankin daga inda nake zaune. Ban taɓa ganinsa ta wannan gefe ba. Daga wurinmu tanki ne kawai a kusurwa. Daga nan kuwa tsaye yake a kan gidan gaba ɗaya, katakon da mijina ke zama yana daidai saman makewayi. Na tuna yadda nake wanka da wannan ciki, na ƙiyasta na ɗaga kai na ga namiji da gilashi. Faɗan da na zo da shi ya zube. Kunya ta kama ni, kuma na tabbata gida ya tafi. Da hannuna na kawo musu shaida.

Na ce, "Dada, ba mu sani ba. Ku yi haƙuri." Na dubi matar Alhaji na sake faɗa mata ita ma. Na yunƙura zan tashi.

Dada ta ce, "Ina za ka? Magariba ya yi. Mai ciki ba ya fita yanzu. Zauna."

Na zauna. Suka yi salla ina gefe. Aka kawo mini tuwo da miyar kuka da kindirmo a ƙwarya, na ci don ba yadda zan yi. Wuta ba ta zo ba, aka kunna fitila. Ga wata ya ɗan yi ƙiba yana tsaye ta yamma, tsakar gidansu kuwa fili ce, sama a buɗe ta ko'ina.

Dada ta ce, "Tunda kana nan, nuna mini abin da ya ce yana gani."

Na roƙi a kifa turmi, a hure fitila. Na gaya mata duk abin da aka gaya mini: ta kafa ido, kada ta motsa kai, ta kawo madubin, ta riƙe numfashi. Sau biyu ta ɓata, na uku ta kama. Ta ce, "La'ilaha illallahu. Wa ya farfasa shi haka?" 'Yan matan suka taso suna rige-rige, kowace ta gani sai ta yi salati ta ja baya. Matar Alhaji ce ta ƙarshe. Ta ce ita ba ta so, Dada ta ce ta zo. Ta duba, ta daɗe fiye da kowa, sannan ta miƙo mini.

Bayan sun yi isha'i na sake shirin tafiya, sai Dada ta ce, "Daccuki fa? Yana nuna Daccuki?"

Na ce ban san shi ba.

"Hausawa suna ce masa Kaza da 'ya'yanta."

Wannan na sani, a ƙauye ma muna ganinta, amma daga tsakar gidanmu gabas a toshe take, ban taɓa nemanta da madubi ba. Dada ta ɗaga sandarta ta nuna saman ɗakin girki. Ta ce a wannan lokaci na shekara nan yake fitowa, na duba mata. Na duba, ga ta kuwa, ɗan curin taurari a manne da juna, ba su daɗe da ɗagowa ba. Na kafa ido na kawo madubi. Da ido 'yan kaɗan ne, a madubi kuwa sun cika da'irar, manya masu haske shuɗi-shuɗi, ƙanana barjat a tsakaninsu.

Na miƙa mata, sai matsala ta taso. Dabarar da aka koya mini ita ce ka fara ganin abu da ido, Dada kuwa ba ta ganin komai a wurin, duhu kawai. Ta yi ta lalube tana ɓata. Sai na zaga bayanta na durƙusa, na ɗora hannuwana a kan nata, na sa kaina kusa da nata ina auna saman ɗakin girki, ina ɗaga mata a hankali. Cikina ya tokare bayanta. Ɗan cikin ya zaɓi wannan lokaci ya yi harbi.

Ta ce, "Ka gaya wa na cikin ya tsaya, yana girgiza mini sama."

Muka yi dariya, madubin ya kauce, muka sake daga farko. Can sai na ji hannunta ya ƙanƙame. Na saki a hankali.

Ta yi wasu kalmomi da Fillanci ƙasa-ƙasa, ban ji ba, matar Alhaji ta sunkuyar da kai. Da ta sauke ta goge ido da bakin mayafi, ta ce, "A rugarmu wajen Lau, in ya fara fitowa da yamma haka, babana yana cewa a shirya, za a sauka bakin kogi da shanu. Tun rasuwar baban Alhaji ban gan shi ba. Na ɗauka shi ne ya dusashe. Ashe ni ne."

Na ce, "Sannu, Dada."

Ta ce, "Je ka gida, ɓingel am. Abin kuma bar shi nan." Daga baya na ji ashe "'yata" take nufi.

Maganar ɗaki ba ta ce komai ba, ni ma ban iya tambaya ba. Na koma hannu wofi. Mijina yana tsaye a lungu yana jira, ya dubi hannuna, ya dubi fuskata. Na gaya masa duka, har da ƙadangaren. Da na kai wurin makewayi ya dafe kai ya zauna a dakali. Shi ma sai a lokacin ya gane.

Da safe kafin ya tafi ofis Alhaji ya yi sallama. Ya ce, "Dada ya ce ku zauna. Amma ba hawa. Madubi kuma yana wurinsa."

Mijina ya ce, "To. Mun gode, Alhaji."

Ni har rawa na taka a ɗaki da cikina. Shi ya ɗauki jakarsa ya tafi aiki.

Daga nan kusan kullum bayan isha'i sai Dada ta buga katanga da sanda, na zaga. Ni ce mai riƙe mata hannu. Mun bi wata har ya cika, muka gane in ya cika ba ya daɗin kallo, haske kawai yake kashe ido, ramukan sun fi fitowa yana rabi. Mun kalli Zara ta yamma. Mun bi farin hayaƙin nan da ke ratsa sama, muka tarar ashe taurari ne cunkus. Kafin na fita mijina zai ce na duba wuri kaza, a ƙasan taurari uku da ke jere akwai wani abu kamar gajimare. In na dawo ya tare ni da tambaya: yaya yake, wane launi, ya kai girman me? Ni kuma ba ni da kalmomin, sai na ce, "Yana nan dai, fari-fari." Sai ya gyaɗa kai ya ce madalla.

Wannan ya dame ni fiye da yadda na nuna. Mutumin da ya jira tun yana yaro ya samu 'yan makonni, ni da na ce a kai kasuwa ni ce ke kallo kullum. Bai taɓa cewa na roƙo masa ba. Sau ɗaya na ɗauko zancen a gaban Dada, ta yi kamar ba ta ji ba, ban ƙara ba. Ɗakin ya fi mini komai, gaskiya ke nan.

A ɗakin na haihu, 'ya mace, da rana tsaka mijina yana ofis. Matar Alhaji ce ta fara jin nishina ta katanga, ita ta zago da gudu ta kira unguwarzoma. Ruwan wankan jego ma a murhunsu aka riƙa dafawa, Dada tana aiko da kunun kanwa tana faɗan ban sha da yawa ba.

Ana gobe suna mijina ya aro tamfol don a yi wa baƙi rumfa. An ɗaure gefe ɗaya a bakin kwano, ɗaya gefen ba inda za a ɗaura igiya sai can saman ƙarfen tanki. Ya yi ta zagaye da igiya a hannu har rana ta faɗi. Ya je ya sami Alhaji a ƙofar gida bayan magariba, Alhaji ya ce ya hau mana, amma ya san abin da ake yi. Ina zaune a bakin ƙofar ɗaki da jaririya, na ga ya dawo ya tsaya a gindin tsani, ya gyara murya. Mutum ne da ko a coci ba a jin waƙarsa.

"Salamu alaikum! Za a hau sama, a kimtsa!"

Ya jira. Ban ji motsin kowa yana shigewa ɗaki ba. Sai muryar Dada ta katanga.

"Hau, ɗana."

Ya hau, fuskarsa a juye wajen lungu, yana lalube da igiya.

"Sako igiyan ta nan."

Ya tsaya, bai gane ba. Ta sake faɗa. Ya saki bakin igiyar ta bayansu ba tare da ya waiwaya ba. Na ji muryar matar Alhaji tana cewa, "Ja." Ya ja, sai ga jakar fatar nan tana hawowa tana lilo.

Dada ta ce, "Daccuki ya hau tsakiyar sama yanzu. Wuyana ba ya kaiwa. Duba mini."

Ya rataya igiyar madubin a wuya. Ya kwanta rigingine a kan katakon, ya ɗora a ido. Daga inda nake ƙafafunsa kawai nake gani. An daɗe.

"Dada, yana nan."

"Da yawa?"

"Da yawa, Dada."

"To. Riƙe abinka."

Bai sauko ba sai da na yi masa magana tuwo zai huce. Ya sauko yana share fuska da hannun riga, wai sanyi ne ya shiga masa ido. Igiyar rumfar ma bai ɗaura ba, sai da safe ya sake yin sallama ya hau.